Goron Sallar Sha-Karatu

Duk faɗin Birnin Kudu, in dai ana zancen cika baki, ba a zuwa kan mutum na biyu sai an fara da Abdulsalami mai cajin waya na bakin tasha. Wannan bawan Allah ya taɓa ɗan zama a Kano yana yi wa wani mai shagon littattafai dako, to tun da ya dawo gida ya ce babu littafin Hausar da bai shanye ba. Abokansa suka ce madalla, suka laƙaba masa Sha-Karatu, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, bai san zolaya ba ce. Gaskiyar magana, ya iya karatu daidai gwargwado, amma da ya buɗe littafi ya yi shafi guda sai barci ya yi awon gaba da shi. Bango kawai yake kallo, sauran ya ƙarasa da bakinsa.

Azumi ya shiga goman ƙarshe, ana tsananin zafi. Wata rana bayan an sha ruwa, ya ture kwanon kunu ya dubi matarsa Safiyatu.

"Bana zan canza tarihi."

"Tarihin wa kuma?"

"Tarihin goron Sallah. Kowace shekara in kai wa Innarki atamfa, Zulkifli mijin ƙanwarki ya kai atamfa, matan garinku Sara su taru suna murza su da yatsa, a ƙarshe a ce tasa ta fi kauri. Na gaji. Atamfa koɗewa take yi, kaza cinyewa ake yi. Bana littafin labari zan raba, kowa da irin nasa, yadda likita yake rubuta wa kowa maganinsa."

"Inna fa ba ta karatun boko."

"Juwairiyya matar yayanki ba tana gidan ba? Ta karanta mata."

"To bari in raka ka mu zaɓa tare. Ni na ɗan karanta su kafin aure."

Ya yi wata irin dariya ta tausayi. "Ke da ido kika karanta. Ni a kaina na ɗauke su, buhu-buhu. Ta ina kike jin ilimi ya fi saurin shiga?"

Safiyatu ta tattara kwanuka ta ce Allah ya ba da sa'a.

Washegari ya nufi wurin Hadi, wani mai baza littattafai a tabarma a gefen kasuwa. Ya tsuguna yana ɗaga wannan, ya auna nauyin wancan a tafin hannu, ya shinshina wani ya ajiye yana girgiza kai. Can idonsa ya faɗa kan wasu guda uku da aka ɗaure da kyauro. Ya zare kyauron ya jera su. Na farko, wata yarinya ce take saukowa daga babbar mota da jar jaka, ga shanu a bayanta. Na biyu, wata dattijuwa ce da farin mayafi da dogon carbi, fuskar nan kamar ta sauko daga Arfa. Na uku, wani mutum ne cikin babbar riga mai aiki har ƙasa.

"Allahu Akbar!" in ji Abdulsalami. "Kamar don ni aka buga su. Mai shanu na abokina Buba na Wurno. Mai babbar riga na Malam Yunusa tela. Mai carbi kuwa, wannan ai surukata ce aka zana."

Hadi ya ce, "Malam, labari ɗaya ne fa. Jar Jakar Nasiha, na ɗaya da na biyu da na uku. Ba a raba su."

"Wa ya ce?"

"Ga lamba nan a jiki."

"Yaro, kai sayarwa ka sani, ni sha na sani. Lambar nan ta masu koyo ce. Gwani ko ta tsakiya ya shiga labari sai ya fita ta ƙofa. Kuma wannan littafin na karanta shi tun yana ɗanye, kafin tawada ta bushe."

"Bai fa daɗe da fitowa ba."

"Ka ji ko? Ai shi nake gaya maka."

Ya naɗe kowanne a leda mai ƙyalli, ya bi da salatif ya ɗaure kamar ana tsoron littafin ya gudu. Safiyatu ta nemi ta leƙa, ya ce kyauta ba ta son ido.

Ranar Sallah, ana saukowa daga idi, ya miƙa wa Malam Yunusa nasa a gaban jama'a, har da ɗan jawabi. Da yamma ya hau babur ya kai wa Buba nasa Wurno. Washegari Safiyatu ta shirya tafiya Sara gaida iyaye, ya damƙa mata na Inna Hajjo, ya ce shi zai biyo baya in ya rage cinikin Sallah. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki waya ya tura saƙon murya ga Juwairiyya, ya ce a sa wa Inna ta ji da kunnenta:

"Inna, barka da Sallah. Wannan littafi na tsaya na zaɓa da kaina. Tsohuwar da take ciki, wallahi ke ce sak. Duk abin da kika ji ta yi, to halinki ne na gani na ce sai ke. A taro maƙwabta su ji, don su san wace ce surukata."

Ya ajiye waya yana murmushi. Ya ce a ransa, bana Zulkifli sai dai ya yafa atamfarsa.

Washegari, Malam Yunusa ne ya fara zuwa. Ya tsaya bakin rumfar caji da littafi a hannu da tabarau a goshi.

"Sha-Karatu, littafin nan naka lafiyarsa ƙalau?"

"Me ka gani?"

"Layin farko fa cewa ya yi, 'Ta ɗago kai ta ce, ashe kai ne?' Wace ce ta ɗago kai? Shi wane ne? Ba sallama, ba gabatarwa. Na juya shafi, sai ga mutane suna ta kuka a kan wata jaka. Na ɗan ƙara gaba kaina ya ɗau zafi na rufe."

"Salon zamani ke nan. Ba ka ga ɗinkin yanzu ba, ana fara riga daga hannu?"

"Ni ban taɓa fara riga daga hannu ba."

"Shi ya sa aka bar ka a baya."

"To mene ne a jakar da ake wa wannan kuka?"

Abdulsalami ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Gwal ne. Amma kada ka gaya wa kowa, ka ɓata musu daɗin."

Malam Yunusa ya koma shagonsa yana jinjina kai. Bai daɗe da tafiya ba sai ga Buba a kan keke, gumi sharkaf, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Kai, me na yi maka?"

"Subhanallahi! Littafin bai yi daɗi ba?"

"Daɗin ne ya kashe mu! Jiya na zauna gindin mangwaro ina karanta wa mutanen gida. Matata Munawwara ta bar miya a wuta har ta kama, shanu suka wuni suna kuka ban kai su ruwa ba. Yarinyar nan Nasiha marainiya, ta sha wuya, ta zo ta sa hannu za ta zuge jakar da uwarta ta bar mata, sai wani hannu ya fizge jakar ta baya. Na juya shafi, sai na ga wai a nemi littafi na biyu! Munawwara ta ce kada in dawo gida sai da shi. Ina yake?"

Nan Abdulsalami ya ji gabansa ya ɗan faɗi, amma bakinsa bai saba jiran zuciyarsa ba.

"Na biyu ya ƙare a kasuwa. Amma kwantar da hankalinka, yana nan." Ya buga goshinsa da yatsa.

"To wa ya fizge jakar?"

"Wani ne."

"Wani wa?"

"Wani mugu. Ba a faɗin sunansa da rana."

"Mene ne a ciki?"

Da ya tsaya ya yi tunani da ya maimaita abin da ya gaya wa tela. Amma ya ga idon Buba ya fito yana jiran abin mamaki, sai ya ji gwal ya yi kaɗan.

"Maciji ne. Kumurci, baƙi wuluk."

"Maciji? Uwa ta bar wa 'yarta maciji?"

"Ai nan hikimar take."

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Safiyatu ce, muryarta a sanyaye.

"Inna ta ce ka zo yau. Yau ɗin nan."

"An karanta?"

"An karanta."

"An taru?"

"Unguwa guda. Ka dai zo."

Ta kashe. Abdulsalami ya miƙe ya gyara hula. "Ka ji ko, Buba? Surukata ta tara gari za a karrama ni. Tashi mu je ka ga yadda ake yi wa masu ilimi. Bari mu ɗauki Malam Yunusa, shaida biyu ta fi ɗaya."

Haka suka ɗare babur su uku, Abdulsalami a gaba cikin babbar rigarsa ta Sallah, tela a tsakiya da littafinsa a aljihu, Buba a baya ƙafafu na reto. Sun bar duwatsun Birnin Kudu ke nan Buba ya leƙo ta kafaɗar tela ya ce, "Malam Yunusa, kai wane littafi ya ba ka?" Abdulsalami ya danna oda. Tela ya buɗe baki zai amsa, ya sake dannawa. Babu mota, babu akuya, babu kowa a titi, amma haka aka yi ta tafiya da oda har ta shaƙe ta koma kukan agwagwa. Da odar ta mutu sai ya kama kabbarorin Sallah da ƙarfi, dole su ma suka amsa. Dab da shiga Sara gefen babbar rigar ya faɗa cikin sarƙa, ji kake kyaaat! Suka sauka suka ciro abin da ya saura. Tela ya duba ya ce wannan sai dai a yi wa yaro 'yar shara. Abdulsalami ya naɗe yagaggen gefen a kafaɗa ya ce haka manyan Kano suke yi yanzu.

Suka yi sallama a gidan surukai, aka ce su shigo. Tsakar gida cike da mata, tsofaffi da matasa, har da masu leƙe ta katanga. Inna Hajjo tana zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ga Juwairiyya a gefenta da littafi a cinya, Safiyatu kuwa ta raɓe bakin ƙofar ɗaki ta rufe rabin fuska da mayafi. Abdulsalami ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya sunkuyar da kai.

"Inna, barka da Sallah. An yi Sallah lafiya?"

"Da lafiya aka fara ta," in ji Inna Hajjo. "Malam, saƙonka ya iso. Na tara maƙwabta yadda ka ce. An sa muryarka kowa ya ji, har aka maimaita wa masu nauyin kunne."

"Ai ba komai, Inna. Gaskiya ce na faɗa."

Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha! Ya ma ƙara tabbatarwa."

"Juwairiyya," in ji Inna, "tuna masa halina."

Juwairiyya ta gyara zama, tana danne dariya da kyar. "Tsohuwar sunanta Mai Carbi. Ita ce ta fizge jakar marainiya a tasha ta ruga."

Buba ya zabura daga inda yake tsugune. "Ita ce? Tsohuwa ce? Kai ka ce min wani mugu ne!"

"Ta ɓoye jakar a rumbun maƙwabci," Juwairiyya ta ci gaba. "Da aka zo bincike ta rantse ta ce makauniya ce. Ta saci zakaran liman ta sa a ƙarƙashin mayafi, ya yi cara ana tsakiyar gaisawa. Sannan ta haura katanga."

"Katanga," in ji Inna Hajjo. "Ni da gwiwar nan da ko dokin ƙofa sai an kama ni. Tun jiya yaran unguwa in sun gan ni sai su ce a kama kaji ga Mai Carbi nan. Malam, zakaran wa na taɓa ɗauka?"

Gumi ya karyo wa Abdulsalami. Ya dubi Safiyatu neman agaji, ta mai da ido kan rufin ɗaki.

"Inna, ai... abin misali ne. Zakaran nan ba zakara ba ne."

"To mene ne?"

"Ilimi ne. Wato kin ɗauki ilimin liman kin adana."

"Shi ne ya yi cara?"

Tsakar gida ta ɗauki shewa. Malam Yunusa, da tun ɗazu yake ƙura wa littafin cinyar Juwairiyya ido, ya zaro nasa daga aljihu ya sauke tabarau.

"Ku dakata. Mai Carbi kuka ce? Ai akwai ta a nawa. Har da jakar."

Juwairiyya ta karɓa ta haɗa su gefe da gefe. "Inna, ai wannan ne na uku! Namu na biyu ne."

"Nawa na ɗaya!" in ji Buba. "Kai Abdulsalami, ka ce ya ƙare a kasuwa, ashe nan Sara ka turo shi!"

"Dabara ce," in ji Abdulsalami da sauri. "Don a sada zumunci. Ga shi kuwa kun haɗu."

Ba wanda ya saurare shi, don matan sun riga sun matso. Aka ce Buba ya faɗi farkon. Ya miƙe tsaye ya kawo labarin tun daga mutuwar uwar Nasiha, yana kwaikwayon kukan marainiya da ƙarar babbar mota, har wata ta share hawaye. Sai yanzu mutanen Sara suka san wace ce yarinyar da aka yi wa fashi. Aka kawo fura da cincin, aka manta da mai laifi a durƙushe cikin rana. Juwairiyya ta buɗe na uku ta kama karatu, tana tsallake wuraren da marubuciyar ta tsaya lissafa kayan ɗaki da kalar leshi.

Labari ya yi nisa, sai ga abin da ba wanda ya zata. Ashe Mai Carbi kakar Nasiha ce da aka daɗe ana nema. Ta fizge jakar ne don ta ga mutumin nan mai babbar riga yana bin yarinyar zai raba ta da ita. Zakaran ma don ta yi wa jikarta romo ne lokacin da take kwance ba lafiya, kuma daga baya ta je ta nemi gafarar liman.

Inna Hajjo ta goge ido da bakin mayafi. "Allah sarki, baiwar Allah."

Abdulsalami ya ji iska ta dawo masa. Ya miƙe, ya gyara yagaggiyar rigarsa, ya buɗe hannuwa.

"To kun gani! Abin da nake nufi ke nan tun farko! Na ce Inna ce sak, kuka yi mini gaggawa. Mai haƙuri shi yake dafa dutse. Ni da na san ƙarshen labarin nan kamar tafin hannuna, ina zaune ina kallonku kawai."

Malam Yunusa ya ce, "To ni kuma da ka ba ni mai babbar riga, ɓarawon marayu, me kake nufi?"

"Kai ɗinkin rigar na duba, ba mai rigar ba."

Inna Hajjo ta ɗan saki fuska. "To Malam, tunda ka san ƙarshe, hutar da yarinyar nan, muryarta ta dushe. Mene ne a cikin jakar?"

"Gwal ne," in ji tela. "Ya gaya mini."

"Wane irin gwal? Maciji ne!" in ji Buba. "Da bakinsa ya ce kumurci!"

Ido ya dawo kan Abdulsalami gaba ɗaya. Ya dubi tela, ya dubi Buba.

"Duk kun yi daidai. Macijin gwal ne."

"Baƙi wuluk ka ce."

"Ya daɗe a jaka, ya yi datti."

"Saura shafi ɗaya," in ji Juwairiyya. "Bari mu gani."

Ta karanta a hankali. Nasiha ta zauna gaban kakarta, ta jawo jakar. Ta kama zif ta ja. Ta leƙa ciki, ta dafe ƙirji ta ce, "Inna lillahi!" Juwairiyya ta juya shafin, ta tsaya, ta sake juyawa ta duba bayan bango.

"Karanta mana!" in ji matan.

"Wai a nemi littafi na huɗu. Yana nan fitowa."

Kafin ka ce kwabo gidan ya kaure. Buba ya cire hula ya buga da ƙasa yana cewa da wane ido zai kalli Munawwara. Masu leƙe ta katanga suka kama kiran "Macijin gwal! Macijin gwal!" Wata tsohuwa ta yi dariya har sai da aka bubbuga mata baya. Malam Yunusa ya ce, "Sha-Karatu, littafin da ba a buga ba ma ka shanye shi?"

"Ni... a Kano ana ba mu mu ɗanɗana tun..."

"Malam," Inna Hajjo ta katse shi, ita ma kafaɗunta suna rawa don dariya. "Zauna haka nan, kada ka ƙara wani. Na yafe maka zakara, na yafe katanga. Amma littattafan nan uku sun zauna a gidan nan, wanda yake so ya zo ya ji. Kai kuma ka sa mu a rana, sai ka fitar da mu. Ranar da na huɗu ya fito, kai za ka kawo shi, kuma kai za ka zauna a tabarmar nan ka karanta mana da bakinka, daga bango har bango."

Safiyatu ta saki mayafi ta ce, "Inna, to a tanadi matashi. Shafi ɗaya yake yi ya yi barci."

Aka sake kwashewa. Abdulsalami ya nemi ƙasa ta tsage ya shige, ƙasar Sara kuwa ta ƙi.

Da la'asar aka sallame su. Buba da tela suka ce sun gode, mota za su hau, kunnuwansu ba za su ƙara ɗaukar oda ba. Safiyatu ta hau bayan babur da ƙullin cincin a cinya. Suka yi tafiya mai nisa. Sai da duwatsun gida suka fara bayyana sannan Abdulsalami ya yi gyaran murya.

"Amma fa in kin duba da kyau, an taɓa tara mutane haka saboda atamfar Zulkifli?"

"Ba a taɓa ba."

"To kin gani. Babbar Sallah ma ina da wani tsari..."

"Babbar Sallah nama za ka raba," in ji Safiyatu. "Shi ko cinya ka ba mutum, ba ya biyo ka gida yana tambayar yadda aka ƙare da kai."